Jego a Garin Ƙanƙara

An miƙa wa Bara'atu waya don ta ga jikanta, amma ita taga ta gani. Jaririn yana nan, ja-wur da shi, an naɗe shi kamar ƙunshin goro, uwarsa Ikilima tana ta murmushin gajiya. Sai dai a bayansu akwai taga, wani farin abu ya toshe ta har rabi, ga wani kuma yana ta saukowa a hankali, ba ƙara, ba gaggawa.

"Mine ne wancan bayanki?" in ji Bara'atu.

"Dusar ƙanƙara ce, Inna. Tun ranar da na haihu take zuba, yau kwana uku."

Bara'atu ta san dusa, kullum tana dama wa awakinta. Ta san ƙanƙara ma, don ta taɓa sauka a gonar mijinta Malam Kalilu da ke Tsamaye, ta kwantar da gero ƙasa kafin mutum ya gama alwala. Amma ƙanƙarar da za ta kwana uku tana zuba a kan maijego, wannan kam ya fi ƙarfin kanta. A nan Isa kuwa watan Maris ne, zafi ya fara nuna hali, gumi na bin gadon bayanta duk da tana zaune a inuwar dogon yaro da ke tsakar gida, inda nan ne kaɗai waya ke kama sabis.

Ikilima ita ce autarta, ita ce kuma mace tilo bayan maza huɗu. Shekara biyu ke nan da aka ɗaura mata aure da Hafizullahi, wani injiniya ɗan Sabon Birni da ya samu aiki a mahaƙar ma'adinai can ƙuryar arewacin Finlan. Garin ƙarami ne, mutanensa duka ba su kai taron kasuwar Isa ba. Sunansa kuwa sau uku Bara'atu ta gwada faɗa harshenta yana harɗewa, ta haƙura ta sa masa Garin Ƙanƙara.

Labarin garin ta sha shi a waya, kuma duk tatsuniya ta ɗauke shi. Wai da hunturu rana takan yi kusan wata ba ta leƙo ba. Wai kogi yakan daskare har mota ta bi ta kai, idan kuma ka shanya riga a waje sai ka ɗauko ta a sandare kamar busasshiyar fata. Sai an shiga watan biyar ƙanƙarar take narkewa, gari ya koma caɓi. Daga nan rana ta fito ta ƙi faɗuwa makonni da makonni, har sai da suka nemi fatawa kan sallar magariba, sauro kuma ya fito ya rama zaman da ya yi. Kafin a ce an ji daɗi ganye ya yi ja ya zube, sanyi ya dawo abinsa. Bara'atu takan kwashe wa matan unguwa wannan labari a yi ta dariya. Yau dariyar ba ta zo mata ba.

Da ma shirin shi ne Ikilima ta dawo gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego na kwana arba'in kamar kowace 'ya. Likita ya duba cikin ya ce ban da doguwar tafiya. Haka aka haihu can.

"An yi miki wanka?"

"Na yi, Inna. Akwai ruwan ɗumi a famfo."

"Ɗumi!" Bara'atu ta maimaita kalmar kamar an zage ta. "Wa yaf fyaɗa miki ganye? Wa yag gasa miki ƙugu?"

"Inna, ɗakin nan da ɗumi, wallahi. A waje ne ake sanyi. Yau ma da sauƙi, ashirin da biyu ne ƙasa da sifili."

"Sifili ba shi ne babu ba?"

"Shi ne."

"To ashe akwai abin da ke ƙarƙashin babu, kuma can aka kai min ɗiya."

Ikilima ta yi dariya, ta ce kada Inna ta damu, suna da maƙwabciya, wata tsohuwa mai suna Raili, kullum tana kawo mata romo. Ta ma ce nan da mako biyu za a iya riƙa kwantar da jaririn a keken jarirai a waje ya yi barcin rana, haka suke yi, yana ƙara lafiya.

"A waje? Cikin wanga abu?" Bara'atu ta miƙe tsaye. "Wagga Rahila kada ta sake taka muku ƙohwa. Kin ji na hwaɗa miki."

Sanyi dai ga Bara'atu ba yanayi ba ne, maƙiyi ne da ta san fuskarsa. Shi ya ɗauke ƙanwarta Radiyya a Kurawa shekara talatin da suka wuce. Tsohuwar da ke mata wankan jego ta kwanta ciwo a kwana na goma sha biyu, aka rasa mai karɓa. Ita Bara'atu a lokacin tana Isa da tsohon ciki, ta ce sai jibi, jibi ta zama mako. Ƙafafun Radiyya suka kumbura, tari ya biyo baya, ba ta ga arba'in ba. Masu karatun asibiti sun sha gaya mata cewa ba haka abin yake ba, har ma suna cewa yawan zafin da kunun kanwa su ne ke taɓa zuciya. Takan saurare su da ladabi. Abin da ta sani shi ne ba ta je ba, kuma yarinyar ta mutu.

Don haka a ranar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce a ba ta surukinta. Tun da aka yi auren nan magana mai tsawo ba ta taɓa haɗa su ba, daga gaisuwa sai sunkuyar da kai. Da fuskarsa ta bayyana a wayar sai ta ja mayafi ta kau da kai gefe, ta yi magana da gindin dogon yaro.

"A nemo gawayi. A hura shi cikin kasko, a tura ƙarƙashin gadonta, sahe da marece. A ruhe taga."

Hafizullahi ya ce, cikin muryar da ta sha ladabi, "Inna, ki gafarce ni, wannan ba zai yiwu ba. Gidajen nan a toshe suke ruf, ko iska ba ta shiga. Hayaƙin gawayi zai iya kashe su su biyun suna barci. Amma akwai wata hanya da nake..."

Nan sabis ya yi halinsa. Hoton ya tsaya cak, bakin Hafizullahi a buɗe, murya ta riƙa zuwa guntu-guntu. A cikin guntayen Bara'atu ta tsinci kalmomi biyu, tsaf, babu ko tantama.

"Inna... sauna..."

Wayar ta mutu.

Ta daɗe a tsaye. A duniyar nan an taɓa ce mata mai taurin kai, an ce mata mai faɗa, kuma duk ta amsa. Amma sauna? Wawiya, sakarya, wadda ba ta san inda ke mata ciwo ba? Kuma daga bakin yaron da ya zo zauren nan ya durƙusa har goshinsa na neman taɓa ƙasa?

Malam Kalilu ya dawo daga masallaci ya tarar da ita tana ɗaure kaya a zane. Ta zayyana masa. Ya shafa gemu.

"Hafizullahi? Yaron da ko akuyarki yag gani sai ya ba ta hanya? Anya kunnenki na, Bara'atu, ko na wayar?"

"Kunnena ras yake. Ya ƙi gawayi, ya ce min sauna. To saunar za ta tahi da ƙahwarta."

"Ina?"

"Garin Ƙanƙara. Za ni yi wa ɗiyata wanka."

Malam Kalilu ya shekara arba'in da ita, ya san lokacin da ake tare ta da lokacin da ake matsa mata hanya. Da safe ya raka ta tasha ya sa ta a motar Sakkwato, ya karanta mata abin da ake karantawa, don hanyar ba ta da tabbas a shekarun nan. A Sakkwato babban ɗanta ya kai ta ofishin fasfo. Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya ba ta kujera, ya yi mata bayani dalla-dalla: fasfo zai ɗauki makonni, daga nan sai Abuja neman biza, ita kuma watanni ce, in ma an bayar.

"Arba'in ɗin fa?" ta tambaye shi.

"Hajiya, kafin nan yaron ya fara zama."

Ta yi masa godiya. A mota ta dawo tana ƙirga kwanaki da yatsu a ƙarƙashin mayafi.

Ranar suna aka yanka rago a Sabon Birni, aka raɗa wa yaron da ba ya nan suna Fatihu. A nan Isa ma mata suka cika gida, kuma kowace ta zo yi wa Bara'atu barka sai ta ɗan rage murya ta ce, "To wa ka yi mata wanka can?" Ba mugunta ba ce, tambayar da ake yi ke nan. Amma kowace ɗaya sai da ta sauka mata a ƙirji. Sau biyar Hafizullahi ya kira a kwanakin nan, sau biyar ta kife wayar. Da Ikilima kawai take magana, ita ma ba ta gaya mata dalili ba, don ba a haɗa maijego da mijinta faɗa.

Washegari da hantsi Malam Kalilu ya gaji. Ya ɗauki wayar ya zauna gindin dogon yaro ya kira surukin da kansa. Bara'atu tana daga bakin madafa tana tsince wake, kunnenta duka biyu suna can.

"Hafizullahi, tambaya guda za ni yi maka. Wa ka kira sauna?"

Ba ta ji amsar ba. Abin da ta gani shi ne kafaɗun mijinta sun fara rawa, sannan dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. Ya yafuto ta da hannu yana share hawaye.

"Taho ki ga saunar taki. Ɗaki na, Bara'atu. Sunan ɗaki na!"

Ta zo a hankali, fuska a ɗaure, don mutum ba ya sakin fushin kwana biyar haka kawai a gaban jama'a. A cikin wayar Hafizullahi yana rantse-rantse, idonsa ya kawo ruwa, yana cewa Allah ya tsine wa harshensa in ya taɓa nufin haka. Ya ce a yaren mutanen can haka suke kiran ɗakin wankan zafi, kuma tun ranar yake son nuna mata. Ya zura wata riga mai kauri kamar katifa, ya buɗe ƙofa ya fita da wayar.

Karo na farko ke nan Bara'atu ta ga garin da idonta. Fari fat ko'ina, har ido ya rasa inda zai sauka. An haƙa siririyar hanya a cikin ƙanƙarar, bangonta ya kai masa ƙugu, takalminsa na ƙara ƙuras-ƙuras. Numfashinsa na fita kamar hayaƙin murhu. A ƙarshen hanyar ga wani ɗan ɗakin katako, an jera faskare a gefensa har rufi, jeri mai kyau, na wanda ya san darajar itace. Wannan ne abu na farko da ya burge ta a ƙasar.

A ciki akwai murhu da aka tula wa duwatsu a kai, ga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da aka gina cikin murhu na biyu, ga benci hawa-hawa. A tsaye kusa da tukunyar wata tsohuwa ce gajera, farin gashi, hannuwa manya irin na mai aiki.

"Inna, wannan ita ce Raili. Ɗakinta ne."

Rahilar da aka hana taka ƙofa ke nan. Bara'atu ta ƙare mata kallo. Tsohuwar ma ta matso da fuskarta ta ƙare wa Bara'atu kallo, ba murmushi. Sannan ta juya ta ɗauko wani abu daga bokiti ta ɗaga. Damin ganye ne, an ɗaure gindinsa tamau, ruwa na ɗiga daga jikinsa.

Bara'atu ba ta san lokacin da ta karɓe wayar daga hannun mijinta ba. Mayafin ma ta manta da shi.

"Tambaye ta, ganyen mine ne?"

Magana ta riƙa bi ta bakin Hafizullahi tana komawa. Ganyen wata bishiya ce mai farin ɓawo. Ana yankan sa ne a tsakiyar lokacin da rana ba ta faɗuwa, a ɗaure, a adana don hunturu, in za a yi amfani da shi a jiƙa a ruwan zafi.

"Mi ake yi da shi?"

Raili ba ta jira fassara ba. Ta naɗe hannun riga ta fyaɗa damin a damtsenta. Fyat. Fyat. Ta juya ta nuna ƙugu, ta nuna gadon baya.

Bara'atu ta kasa kunne. Ta san wannan ƙara. Da ita aka tashe ta daga jego biyar.

"Ta ce ita kanta a irin wannan ɗakin aka haife ta," in ji Hafizullahi. "A nan kakarta ta yi wa uwarta wanka. Ta ce da can duk matan ƙasar haka suke yi, yanzu ne aka koma asibiti. Tun ranar da muka dawo gida take cewa a kawo mata Ikilima, har ta tambayi ma'aikaciyar jinya, ta ce babu laifi in ba a tsananta zafin ba kuma ba a daɗe ba. Ikilima ce ta ce sai da izininki."

Daga nan aka shiga ciniki, irin na tsofaffi biyu da kowace ta san aikinta. Bara'atu ta ce safe da yamma, kwana arba'in. Raili ta ce shekararta saba'in da huɗu, kuma ɗakin sai ya ci wuta awa biyu kafin ya yi, sau ɗaya a yini dai. Bara'atu ta ce to, amma a biya kwana takwas ɗin da aka sha. Raili ta ce a biya. Bara'atu ta ce ruwa sai ya tafasa. Raili ta girgiza kai, ta ce zafi na gyara ne ba na dafa mutum ba, a nan kam ba za ta matsa ba. Bara'atu ta dubi hannuwan nan, ta bar mata. Ta ce ɗiyarta da zane za ta shiga, kuma namiji ko inuwarsa. Aka amince. Faskare da ɗibar ruwa aka ɗora wa Hafizullahi ba tare da an nemi ra'ayinsa ba.

"Ta ce su in sun fito sukan kwanta cikin ƙanƙarar su yi birgima, amma..."

"Ka ce mata in ta kuskura, biza ko ba biza, za ni zo."

Ya fassara. A karon farko tsohuwar ta yi dariya, haƙoranta tsiraru. Batun kwantar da Fatihu a waje kuwa Bara'atu ta ce a ajiye shi tukuna, ba ta gama da shi ba.

Sannan Raili ta faɗi wani abu a hankali, tana gyara ɗaurin ganyen. Hafizullahi ya ɗan jinkirta.

"Ta ce ita ma 'yarta ɗaya. Tana can babban birni, tafiyar yini guda. Sau biyu tana haihuwa, duk a waya ta ga jikokin. Ta ce kowace shekara tana yankan ganyen nan fiye da bukatarta."

Bara'atu ta dubi damin ganyen. Kishi da tausayi suka haɗe mata, ta kasa raba su. Wankan nan nata ne. Tun ranar da aka ce mata mace ta haifa take jiran sa, kuma yanzu za ta miƙa shi ga matar da ko sunanta ba ta iya faɗa daidai ba.

"Ka hwaɗa mata," ta ce. "Ka hwaɗa mata na ba ta amana. Daga yau har a gama, ɗiyarta ce."

Da azahar ɗaki ya yi. Aka naɗo Ikilima cikin barguna har ba a ganin komai sai idanu, Fatihu yana barci a gidan Raili inda ake jin motsinsa ta wata 'yar na'ura. Waya ba ta shiga, in ji su, tururi zai kashe ta. Ikilima ta ɗaga wa uwarta hannu, tsohuwar ta tura ta ciki ta ja ƙofa.

Hafizullahi ya tsaya a waje cikin sanyin nan da ke ƙarƙashin babu, ya kau da fuskarsa, ya manna wayar a jikin katakon ƙofar. Bara'atu ba ta ganin komai sai duhu. Ta kai wayar kunne.

Da fari ta ji cuuu, an zuba ruwa a kan duwatsu. Ta ji Ikilima ta ja numfashi ta ce, "Wash!" Sannan ganyen ya fara sauka, fyat, fyat, fyat, ba sauri, ba sanya, hannun wadda ta iya.

Malam Kalilu ya ɗago zai yi tsokana, sai ya fasa. Matarsa tana zaune a kan tabarma, ido a rufe, hawaye da gumi sun haɗu a haɓarta. Hannunta na hagu yana riƙe da waya. Na dama kuwa, ba komai a cikinsa, yana tashi yana sauka.